Ina Ya Samo? Dukiya, Jita-jita da Neman Aure a Ƙasar Ruma da Bakin Rugu

A ranar 10 ga Afrilu, 1925, aka fitar da wani ɗan littafin ƙagaggen labari a Amurka mai suna The Great Gatsby, na F. Scott Fitzgerald. Labarin wani attajiri ne da ya bayyana rana tsaka a unguwar masu hannu da shuni a bakin teku kusa da birnin Niyok, ya sayi tafkeken gida, yana tara jama'a ana ci ana sha har asuba. Baƙin nasa suna cin abincinsa suna cin namansa. Wannan ya ce ya taɓa kashe mutum, wancan ya ce ɗan leƙen asirin Jamus ne. Gaskiyar ba ta kai haka armashi ba. Ɗan talakawan manoma ne, kuɗinsa kuwa na fasa-ƙwaurin giya ne, domin daga 1920 zuwa 1933 doka ta hana sayar da barasa a Amurka baki ɗaya, wanda duk ya iya kauce mata ya kuɗance. Abin da ya sa ya tara dukiyar wata yarinya ce, Daisy, wadda ya so tun yana ƙaramin hafsan soja ba shi da ko sisi, ta auri ɗan masu tsohon arziki kafin ya dawo daga Turai. Gidan ma ya saye shi ne don yana hangen nata a tsallaken ruwa. Ƙarshensa wani mai garejin mota ya harbe shi a kan laifin da ba shi ya aikata ba, kuma cikin ɗaruruwan da suka sha shagali a gidansa mutum ɗaya ne ya zo jana'iza.

Mutumin Batsari ko Safana da za a karanta wa wannan labari ba zai nemi dogon bayani ba. Ya san dokar da ke hana kaya wucewa ta kuma azurta mai wucewa da su. Ya san yadda majalisa ke yin tsit idan sabon mai kuɗi ya gifta, sannan ta ɓarke da magana bayan ya ba da baya. Ya kuma san saurayin da ya bar gari don samo abin aure, ya dawo ya tarar an ɗaura da wani. Tambayar da baƙin Gatsby suka yi ta yi, mu a nan kalma uku ce: ina ya samo? Sai dai tambayar tana da nata tarihin a wannan yanki. Akwai zamanin da ba a yin ta sam, akwai wanda ake yin ta ana dariya, yanzu kuwa an zo zamanin da takan yi sanadin rai.

A ƙarni na 19 ba a yin ta, domin amsar a fili take. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, tsofaffin sarakunan suka yi arewa, daga baya suka kafa mazauni a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Daga nan har zuwan Turawa, ƙasar da ke yammacin birnin Katsina ta zama hanyar mahara. Dakarun Maraɗi da na Gobir su biyo ta daji su faɗa wa garuruwa, na Katsina su rama. Garuruwa da yawa suka tashi, daji ya cinye kufansu, Rugu ya ƙara faɗi da duhu. Ruma, wadda har yau hakimin Batsari ke riƙe da sarautarta, garin tsaro ne a bakin wannan daji, kuma sunan Ɗanwaire Sarkin Ruma bai ɓace a bakin tsofaffi ba. A irin wannan zamani dukiyar namiji doki ce da shanu da bayi, kuma da rana ake shigo da ita gari, makaɗa na gaba, maroƙa na faɗin inda aka samo ta. Saurayin da ba shi da gado yana iya fita da kwari da baka ya dawo da abin aure. Kada dai daɗin kirari ya ɗauke mu: cikin abin da ake kira ganima har da 'ya'yan wasu, kuma a can garinsu akwai wanda ya rasa wadda yake so a wannan harin.

Turawan Ingila suka shigo Katsina a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 su da Faransawa suka bi daji suna kafa turakun iyaka, aka raba Katsina da Maraɗi gida biyu. Hari ya lafa, jama'a suka koma yamma suna saran daji suna kafa ƙauyuka. Sai dukiya ta sauya kama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji ya koma na tsabar kuɗi, sulalla suka kori wuri. Doki ana ganinsa, garke ana ƙirga shi, amma kuɗi a tukunya suke kwana, ba wanda ya ga shigarsu. A nan aka haifi tambayar. Ko Alhassan Ɗantata, wanda kowa ya san fataucin goronsa da sayen gyaɗarsa, abin da jama'a suka fi riƙewa game da shi shi ne labarin raƙuma ashirin na azurfa da aka ce ya kai banki a Kano a 1929. Mutane ba sa son lissafin riba kwabo-kwabo, sun fi son labari mai raƙuma. Ƙananan masu kuɗin karkara kuwa, sai a ce wane tulun kuɗin mutanen da ya tono a gona, wane aljana ce ta aure shi, wane wani malami ne ya yi masa aiki a gabas.

Amma Bahaushe yana da kalmar da ke kashe wutar irin wannan magana, ita ce arziki. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa a 1967 tana nazarin samu da rashin manoma, ta tsaya a kan wannan kalma a littafinta na 1972, domin gare ta mutane ke komawa idan an rasa dalilin da ya sa wani ya ɗaga wani ya nutse alhali gonakinsu na jere. Arziki rabo ne, ba a tuhumar mai shi. Idan gulma ta yi nisa, dattijo ɗaya ya isa ya ce Allah ne ya ba shi, magana ta mutu. Ina ganin wannan kalma ta tsare rayuka da yawa ba tare da an gode mata ba.

Inda kalmar ba ta da magani shi ne zuciyar wanda aka ƙwace wa budurwa. Kimanin shekara goma bayan fitowar Gatsby, John Tafida da Rupert East suka fitar da Jiki Magayi a Zariya. Abubakar na son Zainab tana son sa, attajiri Malam Shehu ya shigo da dukiya ya aure ta. Ƙashin labarin ɗaya ne da na Amurka, amma dubi inda suka rabu. Gatsby neman kuɗi ya tafi, da imanin idan ya tara kamar na mijin Daisy zai iya dawo da jiya. Abubakar bai ko gwada ba. Neman asiri ya tafi don ya lalata ɗan da za a haifa, kuma ya samu: yaron ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya kashe ubansa. A ƙasar Hausa ta shekarun 1930 talaka bai ga hanyar da zai bi ya kamo attajiri cikin shekara biyar ba, saboda haka marubutan ba su ba shi ita ba. Iyakar nan da Turawa suka shata ita ce ta zo ta buɗe hanyar.

Ga yadda abin yake aiki. Layi ɗaya ne, amma kuɗi iri biyu, farashi iri biyu, doka iri biyu, mutanen kuwa masu harshe ɗaya ne da surukai a kowane tsallake. Tun zamanin gyaɗa, shekarar da farashi ya fi tsoka a Nijeriya sai buhunan Maraɗi su yo kudu a kan jakai da raƙuma, shekarar da ya fi a ƙasar sefa kuma na Katsina su yi arewa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rikita hanyoyin kudu, 'yan kasuwar Maraɗi suka shiga tsakani suka yi kuɗin da ba su taɓa yi ba. Da Nijeriya ta samu kuɗin mai ta kuma shiga hana shigo da kaya don kare masana'antunta, sai sabuwar sana'a ta tsiro: a sauke atamfa da shadda da taba sigari a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome, a kawo su Maraɗi da cikakkun takardu, daga nan su ɓace, su bayyana a kasuwannin Kano. Fetur mai rahusa da taki mai tallafi kuma su bi ta ɗaya hannun. Wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a 1986 kan waɗannan alhazai na Maraɗi.

Manyan motoci ta Magama da Jibiya suke bi. Rabon ƙauyukan da ke bayan Jibiya, irin na ƙasar Batsari, shi ne ɓarauniyar hanya da ƙananan 'yan fito: wanda ya san daji, ya san wace fadama ke ɗaukar mota da rani, ya san daren da ba a sintiri. Jaki ya ba keke wuri, keke ya ba babur da tsohuwar fijo. Jama'a ba su taɓa ɗaukar wannan sata ba, kuma da wuya ka ga laifinsu, tunda kakanninsu na bin hanyar tun kafin a kafa turakun. Duk lokacin da gwamnati ta ƙara matse iyaka kuwa, ribar mai tsallakawa ce ke ƙaruwa, daidai yadda haramcin giya ya yi wa su Gatsby. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza launin naira ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari, amma wanda ya iya kai buhun gero tsallake a lokacin ya ga kuɗi. Aka maimaita daga Agustan 2019, ƙofar Jibiya ma ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Wannan karon shinkafa 'yar waje ce, matasa na ɗaure buhuna a babur suna keta gonaki cikin dare. Wasu sun yi gida, wasu gawarsu aka kawo.

A wannan dogon zamani tambayar abin hira ce. Ana cewa wane ɗan sumoga ne, ana kashe ido, gobe kuma a je gidansa neman bashin taki. Ko da maganar ta yi muni, aka ce kuɗin jini ne ko na hodar iblis, wadda sunanta ya cika gari bayan an harbe mutum uku a kanta a Legas a Afrilun 1985, ba ta cika wuce baki ba. Kuma sabon mai kuɗi yana da ƙofar da Gatsby bai samu ba. Shi duk shagalin da ya yi, masu tsohon arziki ba su karɓe shi ba, kuma ranar da aka tona asalin kuɗinsa a gaban Daisy, a ranar ta janye jiki. A nan kuwa mutum ya je Makka, ya gina masallacin unguwa, ya fitar da zakka a bainar jama'a, ya ɗauki nauyin dangi, kafin ka ankara maroƙa sun samo masa asali. Wato Gatsbyn ƙasar Hausa ba ya tsayawa hangen fitilar gidan masoyiya daga nesa. Manya yake aikawa da goro, a ba shi. Sau da yawa ma shi ne Malam Shehun wani, shi ne Alhajin da ke zuwa da mota ya ɗauke yarinyar da wani yaro ya shekara uku yana yi wa toshi.

Yaron nan da aka bari shi ne ya cika littattafan soyayya na Kano. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, a kan wannan gaɓa ya tsaya: Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, gida kuma ya fi son mai kuɗi. An karanta irin waɗannan littattafai har sun yage, saboda lissafin da ke cikinsu na gaske ne. Sadaki a shari'a kaɗan ne, amma kafin a kai gare shi akwai na-gani-ina-so, da toshin salla, da gaisuwar iyaye, da lefen da asalinsa ɗan kwandon kaba ne ya koma fantimoti, ya koma jerin akwatuna. Kuɗin Udoji na 1975 sun ɗaga ma'auni, faɗuwar naira daga 1986 ta sa kai wa ma'aunin ya yi wuya. Saurayin Batsari mai gonar rogo, ko na Runka mai 'yan awaki, sai ya duba ya ga amfanin damina ɗaya ba zai kai shi ba. Sai ci-rani: ga-ruwa da acaɓa a Legas da Fatakwal, ramukan zinariya na Zamfara, daga 2014 kuma Jado can cikin saharar Nijar, wasu har Libiya da Aljeriya. Yakan tafi da alkawarin za a jira shi shekara ɗaya. Wani lokaci ana jira.

Daga farkon shekarun 2010 dajin Rugu ya koma abin da yake a zamanin mahara. An fara da satar shanu, aka zarce ɗaukar mutane don kuɗin fansa da ƙone ƙauyuka. A Mayun 2019 mutanen 'Yargamji a ƙasar Batsari suka ɗauko gawawwakin manomansu da aka kashe a gona suka kawo birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A daren 14 ga Fabrairu, 2020, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsinma da Ɗanmusa.

Kuɗin fansa masu yawa ne, kuma ba a daji ake kashe su ba. Na daji yana bukatar fetur, burodi, katin waya, magani, sabon babur. Yana kuma bukatar wanda zai gaya masa wa ya sayar da shanu ranar kasuwa, wa ɗansa ya aiko da kuɗi daga Legas. Duk wannan daga cikin gari yake fitowa, shi ya sa kalmar infoma ta shigo Hausa ta zauna daram. Gwamnati da kanta ta ƙarfafa zargin a 2021, lokacin da ta hana sayar da mai a jarka, ta rufe wuraren cajin waya na haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, sannan a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, ba a maido ba sai Disamba. Abin da talaka ya ji a cikin wannan shi ne, maƙiyi yana da kunne a unguwarku.

Daga nan tambayar ta zama wuƙa mai baki biyu. Idan aka ce wane ya samu, maganar na iya isa daji kafin magariba, a zo a ɗauke shi ko matarsa. Idan kuma aka ce ba a san inda wane ya samo ba, tana iya isa kunnen 'yan sa-kai, waɗanda ba su da alƙali ba su da ɗaukaka ƙara. Bafillacen da ya shigo kasuwa da kuɗin bijimin da ya sayar, da yaron da ya dawo daga Jado da waya mai tsada, haɗarinsu ɗaya. Abin da ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi shi ne wani lokacin gaskiya ce: an kama masu kai rahoto, wasu maƙwabta ne, wasu 'yan'uwa na jini. Zargi ɗaya ya tabbata, goma na bayansa ba a neman hujjarsu. Ga WhatsApp da Facebook, hoton mutum ya zaga gari kafin ya san ana maganarsa. Dattijon da zai ce Allah ne ya ba shi yanzu yakan yi shiru, kada a juyo a tambaye shi me ya sani. A littafin Fitzgerald, maganar fasa-ƙwaurin da ake yi a kan Gatsby gaskiya ce, kuma ba ita ta kashe shi ba. Wadda ta kashe shi rabin gaskiya ce. Motar da ta kaɗe matar mai garejin tasa ce, amma Daisy ke tuƙi, kuma wanda ya faɗi sunansa mutum ne mai neman kuɓutar da kansa, ya faɗa wa mai baƙin ciki da bindiga a aljihu.

Saboda haka dukiya ta koyi ɓuya, abin da ya saɓa wa duk tarbiyyar arzikin Bahaushe, wanda ba ya cika sai an gani an ci tare. Mai hali ya daina gyara ƙofar gida, ya sa tsohuwar riga ranar kasuwa, ko ya kwashe iyali ya koma Katsina ko Dutsinma, ya bar ƙauye ba mai ba da bashin taki. Aure ma ya bi sahu. Lefen da ake buɗewa a tsakar gida, mata na guɗa ana ɗaga turmi ɗaya-ɗaya, yanzu a wurare da yawa shiru ake kai shi. Kai amarya wani gari ya zama abin fargaba, balle bayan abin da ya faru a ƙasar Sabuwa a Fabrairun 2024, inda aka tare 'yan rakiyar amarya aka shige daji da mata masu yawa. Uban yarinya da a da yake tambayar asali da sana'a don al'ada, yanzu da gaske yake yi, kuma saurayin da ya zo da kuɗi da yawa yana iya shan tambaya fiye da wanda ya zo da kaɗan. Akwai kuma iyayen da ke gaggauta aurar da 'ya don tsoron kada a ɗauke ta a gabansu, su ba duk wanda ya fara shiryawa. Ɗan ci-ranin da aka yi wa alkawarin shekara ɗaya shi ke biyan wannan.

A 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da wasu maƙwabtansu suka zauna sulhu da shugabannin 'yan bindiga. Hotunan zaman sun zaga wayoyi: mutanen daji a gaban hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, bindigogi a kafaɗa, jigidar harsashi a ƙirji. Cikin sharuɗɗan akwai barin su su shigo kasuwa da asibiti ba tsangwama. Hari ya ragu a wasu wuraren, manoma sun koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba, kuma ba wanda ya binne ɗan'uwa da zai raina wannan. Ranar kasuwa sukan shigo su yi sayayya da kuɗi a hannu, atamfa da takalma da turare, domin su ma suna aure. Mai shago ya ƙirga, ya ba da canji, ya yi godiya. Kowa a layin ya san inda aka samo, ba kuma wanda ya tambaya.